Ranar da Na Tura Ɗana Gonar Wake

A makarantarmu akwai wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma duk malamin da ya shekara guda ya san ta. In aka ce baƙi za su zo, sifeto ne ko wani babba daga ofishin ilimi, to da sassafe kowane malami zai tsaya bakin ajinsa ya tsince yaransa kamar mai tsintar shinkafa. Masu kai a jera su gaba. Waɗanda ba su ja, a haɗa su wuri guda, a miƙa musu kwanduna, a tura su gonar makaranta can bayan rafi, kada wanda ya dawo sai ya ji ƙararrawar tashi. Ba mu ɗauki wannan a matsayin zalunci ba, wallahi. Shara muke ce mishi. Wa zai yi baƙi bai share tsakar gida ba?

Ni ce malamar aji biyu a lokacin, a wani ƙauye gab da Badarawa. Jiharmu sabuwa ce, ba a daɗe da yanke mu daga Sakkwato ba, ga shari'a ta kankama, kowa yana jin idon duniya a kanmu. An daɗe ana muna gorin cewa mu Zamfarawa noma kaɗai muka iya, boko kuwa sai a hankali. Saboda haka ko ɗan aike ya zo daga Gusau, jikinmu rawa yake kada ya koma ya ce mun kasa.

A cikin ajin nan nawa akwai ɗana. Ɗan fari ne, don haka ban taɓa faɗin sunansa ba tun ranar da aka raɗa mishi. A gida in ce "kai", a gaban mutane in ce "yaron nan". Kunyar ɗan fari a wurinmu ba wasa ba ce. Ko faɗuwa ya yi a gaban jama'a, ba ni zan ɗaga shi ba, sai in kau da kai wata ta ɗaga. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu, haka na yi.

Shekararsa bakwai, shekara biyu ke nan yana zuwa makaranta, amma ko kalma guda ba ya iya karantawa. Kuma ba wawa ba ne, abin da ya fi ƙona min rai ke nan! Yaron da in babur ya doso daga nesa zai faɗa maka na wane ne tun ba a hango shi ba. Yaron da yake ƙera mota da kara, har da ƙofa mai buɗewa. A makarantar allo, in malam ya biya sau biyu, ya haddace, amma ka duba yatsansa ka tarar yana nuna wani layi daban. Ni kuwa in na rubuta "b" a allo ya ce "d". In rubuta "d" ya ce "b". In ce ya rubuta sunan garinmu, ya fara daga dama kamar ajami, haruffan duk sun juya baya. Yau mu yi ta fama har ya gane, gobe da safe kamar ba a taɓa yi ba.

Na doke shi. Ba zan ɓoye ba, na doke shi dukan da ban yi wa ɗan kowa ba, don kada a ce malama tana lallaɓa nata. Na karya tsumagiya a bayansa ba sau ɗaya ba. An yi mishi rubutun sha har ya gundure shi, an yi turare, wata tsohuwa ta ce inuwar tsamiya ya taka. Matan unguwa in na wuce sai in ji ana cewa a hankali, "Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba." Ni da nake koya wa ɗiyan mutane karatu, nawa ya gagare ni.

Ubansa falke ne na dabbobi, mutum ne mai haƙuri amma in ya yanke magana ya yanke. Tun farkon kaka ya ce min, "Malama, in aka yi hutun ga wanga yaro bai karanta komi ba, Katuru zan kai shi wurin wana, ya bi shanu. Ba kowa aka yi don takarda ba." Na san wanda ya shiga bayan shanu a shekarun nan ba ya sake dawowa aji. Saura mako uku a yi hutun.

Ana cikin haka takarda ta iso wa hedimasta cewa ranar Laraba wasu malamai daga jami'a za su zo duba yaran aji ɗaya da biyu. Duba yara, haka aka rubuta. Hedimasta ya tara mu ya ce, "To, kun ji. Jami'a ce fa, ba sifeton da muka saba ba. Kowa shi yi shara mai kyau." Muka kwana biyu muna biya wa masu kai karatu, aka wanke allo da garin gawayi, aka yayyafa ruwa a fili.

Safiyar Laraba na tsaya bakin aji na tsince yara tara. Na tara shi ne nawa. Da na miƙa mishi kwando sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Inna, ni ma ina son in ga motar baƙin." Na ce, "Wuce, don Allah! In baƙi suka zo, irinku ba a son a gan su. Kada ka kuskura ka bari su gan ka, ka ji ni?" Ya ce ya ji. Ya ɗora kwandon a ka ya bi sauran, suka nufi gonar wake.

Baƙin su uku ne a farar mota: wata malama dattijuwa mai tabarau da ɗalibanta biyu. Ba su duba rajista ba, ba su leƙa littafin shirin darasi da na kwana ina gyarawa ba. Tabarma suka sa aka shimfiɗa musu a ƙarƙashin dalbejiya, ana kawo yara ɗaya bayan ɗaya. A nuna wa yaro hoto ya faɗi sunansa, a faɗi kalma ya tafa gaɓoɓinta, a ba shi haruffan katako ya jera. Yaranmu kuwa, tubarkalla, suna ta zuba kamar ruwa. Hedimasta sai murmushi yake yana gyara hula.

Da aka gama aka kawo musu fura da nono a ofis, ni nake zuba musu. Malamar ta cire tabarau ta ce, "Ranka ya daɗe, makarantarku ta ba ni mamaki. Duk inda muka je, yaran kowa zarra ne. Anya kuwa?" Hedimasta ya ce ai ƙoƙarin malamai ne. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Mu fa ba masu ƙoƙari muka fito nema ba. Bincike muke a kan yaron da yake da wayo a baki, yake gane komi in an faɗa mishi, amma in ya dubi takarda haruffa su rikice mishi, ya riƙa juya su. Irin wannan ba daƙiƙi ba ne, ba kuma ƙiwuya ba ce. Akwai yadda ake koya mishi. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa muke bin ƙananan azuzuwa. Ba ku da ko guda?"

Ludayin da ke hannuna ya tsaya. Ɗana take faɗi, kamar ta shekara a gidanmu.

Hedimasta ya ce, "Alhamdu lillahi, mu nan babu." Ya dube ni ya ce, "Ko ba haka ba, Malama?"

To a nan ne fa. Gonar wake ba ta fi tafiyar minti goma ba. Da na buɗe baki, da an aika an kira shi. Amma in ce me? In ƙaryata shugabana a gaban baƙi? In tona asirin makaranta? Kuma in tsaya gaban maza in ce ɗana, ɗan farina, shi ne mara kai? Kunyar aiki da kunyar haihuwa suka haɗu suka danne min harshe. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Na ci gaba da zuba fura.

Ina tsaye suka shiga mota. Na ji ɗaya daga cikin ɗaliban yana gaya wa direba gobe Alhamis sai Zurmi, daga can su koma, aikin wannan yanki ya ƙare. Da aka kaɗa ƙararrawa yaran suka dawo da wake cike da kwanduna. Nawa ya fi na kowa cika. Ya ajiye a gabana yana jiran in yaba, ni kuwa ko kallonsa na kasa yi.

Ranar nan tuwon da na tuƙa ya yi gudaji. Ina ta zagin kaina: ke dai kin cika shashasha, mai magani ya zo har gida kin ɓoye mara lafiya! Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Da asuba maigida yana shirin tafiya kasuwar Shinkafi na tare shi a zaure na ce, "Malam, ina son ka yarje min in kai yaron nan Zurmi yau." Ya ce, "Zurmi? Wa ya mutu?" Na kwashe labari na faɗa mishi, har da gonar wake. Da na gama ya ce, "Sun zo inda kike kin ce babu, yanzu kuma za ki bi su da shi a hannu? Mi za ki ce musu?" Na ce, "In ce ƙarya na yi." Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya ce, "Allah shi kiyaye hanya. Amma maganata tana nan."

Ban aika wa hedimasta ba, na bar ajina haka nan. Na sa wa yaron rigar makaranta, na zura hijabi, muka fito bakin titi. Ranar Alhamis kuwa duk motar duniya Shinkafi ta nufa, cike da awaki da buhuna. Masu komawa Kaura, inda za mu hau motar Zurmi, sai jefi-jefi. Ga masu kabu-kabu nan da baburansu birjik, amma lokacin an hana su ɗaukar mata, ko ka roƙe su ba za su yarda ba. Da can da tuni na haye na yi nisa. Muka tsaya har rana ta ɗaga, sannan wata bas ta tsaya da kujerar mata a baya.

A tashar Kaura abin ya ƙara lalacewa. Motar maza ta Zurmi ta cika ta tashi a gabana, ta biyu ma ta cika ta tashi. Ta mata kuwa, ban da yaron, mu uku ne a ciki, ni da wata tsohuwa da jikarta, ɗan kamasho yana zaune yana cin rogo. Na ce, "Bawan Allah, yaushe za mu tashi?" Ya ce, "Sai ta cika, Hajiya." Na ce, "In ba ta cika ba fa?" Ya ce, "Sai gobe." Kai! Na sauko na zazzaga mishi masifar da har yau in na tuna nake jin nauyi, shi da bai yi min komi ba. Mutane suka taru. Ina faɗa hawaye na zuba, ina cewa makaranta za ta tashi, za su tafi, za su tafi. Babu wanda ya gane su wa nake nufi. Yaron ya riƙe gefen hijabina yana cewa, "Inna, ki yi haƙuri, gobe zan karanta." Ya ɗauka a kansa nake faɗan.

Wani tsohon direban a-kori-kura da ke ɗauke da matan Fulani masu tallar nono shi ya ji tausayina. Ya ce, "Ɗiyata, in za ki iya zama cikin ƙwarya, hawo." Muka hau baya muka takure tsakanin ƙore. A hanya yaron ya tambaye ni ina za mu. Na ce wurin wasu mutane. Ban ce baƙin jiya ba ne. Ban san yadda zan faɗa mishi ba.

Mun isa Zurmi rana ta take tsaka. Makarantar farko da muka je aka ce ba nan ba ne, a gwada ta gabas. Na ja hannunsa muna gudu-gudu, takalmina ɗaya ya tsinke na cire na riƙe a hannu. Da muka sha kwana sai ga farar motar nan a bakin makaranta, direba yana ɗaure tabarmi a sama. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Na saki hannun yaron na ruga wurin malamar, tana sa takardu a jaka.

Ta gane ni. Ta ce, "A'a, malamar jiya? Lafiya?" Na durƙusa a gabanta, a gaban malaman makarantar da ban sani ba, na ce, "Hajiya, ƙarya muka yi miki. Muna da su, su tara. Ɓoye su muka yi a gona. Ɗaya daga cikinsu nawa ne, na cikina, ga shi na kawo miki." Na juya in nuna shi.

Babu shi.

Innalillahi! Na duba bayan mota, na duba bakin titi, na leƙa azuzuwa. Malamar ta biyo ni tana cewa, "Ki kira shi mana. Yaya sunansa?" Na tsaya. Shekara bakwai sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Na buɗe baki na kira shi, da ƙarfi, a tsakiyar filin makarantar mutane. Muryata ta fito wata iri, kamar ba tawa ba. Na sake kira. Shiru.

Wata yarinya ce ta nuna min bayan ginin ƙarshe. Na zagaya, malamar tana bayana. Can bayan katanga, a inuwar wata bishiyar bedi, sai ga yara sun fi goma zaune a ƙasa shiru, an ba su gyaɗa suna ɓarewa. Ban buƙaci a gaya min ko su wane ne ba. Sharar wannan makarantar ce. A tsakiyarsu ga ɗana, ya samu wuri ya zauna, har ya fara ɓarar gyaɗar. Ba wanda ya kai shi. Motar ya gani, ya san abin da ake yi in an ga irinta, ya nemi inda irinsa suke.

Na ce, "Taso, zo nan." Ya maƙe kafaɗa. Na ce, "Ba ka ji ina kiranka ba?" Ya ce, "Na ji. Ban san ni kike kira ba." Sai ya hango malamar a bayana, ya sunkuyar da kai, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Inna, ga baƙuwa nan. Ke kika ce kada in bari su gan ni."

Na zauna a ƙasa cikin ɓawon gyaɗa na yi kuka, kuka irin na mutuwa, yaran mutane suna kallona.

Malamar ta matso kusa. Ta tattare zanenta ta zauna a ƙasa ita ma, ta ce wa ɗalibanta su kwance tabarmin. Ba ta fara da nawa ba, sai da ta yi wasa da biyu ya ga ba a dukan kowa. Da ta zo kansa ba ta ba shi takarda ba. Ta share ƙasa da tafin hannu, ta kama yatsansa suka zana harafi babba a cikin yashi, tana faɗin sautinsa yana maimaitawa. Ta sa shi ya rufe ido ya shafa harafin katako ya faɗi ko wane ne. Sun fi rabin awa. Har la'asar suna bayan ginin nan, hedimastan makarantar yana tsaye gefe ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Da ta gama ta ce min, "Abin da nake zato ne. Kansa lafiya lau. Zai karanta, amma a hankali, kuma ba da bulala ba." Ta nuna min yadda zan riƙa yi da shi kullum, harafi guda, a yashi, da yatsa, da baki, kada in ƙara wani sai wannan ya zauna. Ta rubuta min a takarda, ta ce in kai wa ubansa. Sannan ta ce, "Sauran takwas ɗin fa?" Na ce suna nan. Ta ce ba za su samu dawowa ba, motar ta jami'a ce kuma kwanakinsu sun ƙare, sai dai in gwada musu abin da na gani. Na gwada iyakar iyawata, amma ni ba ita ba ce. Ban san wane ne ciwonsa irin na ɗana ba, wane ne kunne, wane ne ido, wane ne yunwa. Har yau ban sani ba.

Ranar da aka yi hutu, na kira ubansa tsakar gida. Yaron ya durƙusa ya rubuta "baba" a ƙasa da yatsa, haruffa huɗu, babu wanda ya juya. Ya karanta. Uban ya daɗe yana kallon ƙasar, sannan ya ce, "To, a ƙara mishi shekara guda mu gani." Ba a kai shi Katuru ba.

Yanzu magidanci ne, yana gyaran injin ban ruwa a Kaura, yana karanta takardun kayan aikinsa da kansa, a hankali, yana motsa leɓe. Haruffan da suka gagare shi shekara biyu duk ya koye su daga baya. Amma kwanan baya na je gidansa, muna zaune a tsakar gida muna hira, sai aka yi sallama a zaure, wasu abokan aikin matarsa ne suka zo gaishe ni. Kafin in amsa ya miƙe, ya ɗauki bokiti, ya nufi ƙofar baya. Matarsa ta yi dariya ta ce, "Haka yake, Inna, in dai aka yi baƙi sai ya samu abin yi a bayan gida. Ban san inda ya samo wannan hali ba."

Na kira sunansa. Ya tsaya a bakin ƙofar, bokitin a hannu, bai juyo ba. Ya ce, "Ina zuwa, Inna. Bari su tahi tukuna."